Sharhi: Injinan da suka maye gurbin gwajin bam ɗin nukiliya a Amurka

Rabon Amurka da tarwatsa bam ɗin nukiliya a gwaji tun watan Satumban 1992. Saboda haka furucin Shugaba Donald Trump na Oktoban 2025, cewa ya umarci a koma gwaje-gwajen makaman, ya sake tayar da tsohuwar tambaya: ta yaya ƙasar ke tabbatar da lafiyar makamanta sama da shekara 30 ba tare da fashewa ba?

Wani ɓangare na amsar yana cikin manyan injina biyu. Na farko shi ne injin Z da ke cibiyar Sandia a jihar New Mexico. Ana jera ɗaruruwan wayoyin ƙarfen tangistin, kowace ba ta kai kaurin gashi ba, a sakar musu lantarki mai ƙarfin amfiya miliyan 26. Nan take wayoyin ke rikiɗewa su zama filasma, wato iska mai tsananin zafi, sai maganaɗisun da lantarkin ya haifar ya matse ta zuwa tsakiya, ta feso hasken eksire.

Na biyu yana cibiyar Lawrence Livermore a Kalifoniya, inda ake harba hasken leza 192 cikin wani ɗan mitsitsin bututu mai rufin zinare. Zinaren kan yi zafi ya fitar da eksire, shi kuma ya danne ƙwayar haidurojin da ke tsakiya har ƙwayoyin zarrarta su haɗe. A ranar 5 ga Disamba, 2022, an harba megajul 2.05, aka samu megajul 3.15.

An yi ta yayata wannan nasara a matsayin mabuɗin makamashi mai tsabta, amma lissafin bai kai nan ba: lezar ta zuƙi kimanin megajul 300 na lantarki kafin harbin. Hasali ma, hukumar kula da makaman nukiliya ta Amurka ce ke ɗaukar nauyin cibiyoyin biyu, domin a cikin bam ɗin haidurojin ma eksire ne ke matse kashi na biyu na makamin. Faransa ta bi sahu da nata injin lezar kusa da birnin Bordo, bayan gwajinta na ƙarshe a 1996.

Wannan ne ya sa hujjar komawa fashewa ke da rauni. Amurka ta yi gwaji fiye da 1,000, Sin kuwa 45 kacal. Idan aka buɗe ƙofar, mai ƙarancin bayanai ne zai fi cin riba. Yarjejeniyar haramta gwaji ta 1996 kuma tana tangal-tangal: Amurka ba ta taɓa tabbatar da ita ba, Rasha ta janye amincewarta a 2023.

Afirka ta san kuɗin wannan sayayya. Gwaje-gwajen Faransa a hamadar Aljeriya ne suka sa Najeriya ta yanke hulɗa da ita a Janairun 1961.