Wai Allura Allura Ce?

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wata magana da ta zauna a bakin masu gyaran rediyo, tun daga Birnin Kebbi har Bagudo da Matsinkai, wai allura allura ce, in dai ta hau faifai ya yi ƙara shi ke nan. Mu kuwa muka ce wannan ƙarya ce mai tsada, domin ita ke cinye ragowar faya-fayan garmaho da iyayenmu suka adana cikin adaka. Gara da ƙurar hunturu sun yi tasu ɓarnar, amma ba su kai allurar da ba ta dace ba.

Faifai iri biyu ne. Akwai na dā, mai nauyi, mai saurin fashewa, wanda ke juyi 78 a minti guda. Akwai kuma na roba, wato mai juyi 33 da kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, da ƙaraminsa mai juyi 45 na RCA Victor a 1949. Zanen da murya ke kwance a cikinsa ya fi faɗi a tsohon faifai, don haka bakin allurarsa ya kusan ninka na sabon sau huɗu. In aka sa siririyar allura a tsohon faifai, sai ta nutse ƙasan zane ta kwaso shara maimakon waƙa. In kuwa aka ɗora faifan roba a garmahon wani, wanda kansa ya haura giram 100, kuma allurarsa ta ƙarfe ce da aka yi don a jefar bayan gefe ɗaya, to wannan huɗa ce irin ta garma. Abin da aka kankare daga muryar Mamman Shata ko kuntigin Ɗan Maraya Jos ba ya komawa. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015. Wa zai sake rera mana?

Mu mutanen bakin iyaka abin ya fi shafa. Injinan gwanjo da ake saukewa a Kwatano su biyo hanya su shigo ƙasarmu, kowanne da allurar da mai shi na farko ya gama gajiyar da ita a Turai. Bakin daimon ma yana da wa'adi, tsakanin awa 500 zuwa 1,000 na aiki, daga nan sai ya zama wuƙa. Da faifai ya fara tsalle, maimakon a sauya allura, sai ka ga an ɗaure 'yar dala ashirin ta sefa a kan hannun injin, wai don ya zauna. Kaico! Gidan allura mai maganaɗisu giram 2 ko ƙasa da haka yawanci yake bukata, kuɗin nan kaɗai ya ninka wannan.

Gidan allurar shi ma sai an duba. Na tangaran, irin na injina masu araha, ƙararsa da ƙarfi take fita, amma danna faifai yake yi. Mai maganaɗisu ya fi tausayi, sai dai dole a haɗa shi da ƙofar amfilifaya da aka keɓe wa garmaho, in ba haka ba muryar za ta fito siririya kamar daga rijiya, mai gyara kuma ya ce faifan ne ya mutu. Kowane gida da lambar allurarsa a jikinsa. Wanda ya soka maka wata dabam don ta shiga ramin, ya cuce ka.

Mun san amsar wasu 'yan boko: wai me za a yi da faifai alhali komai na cikin waya? Su gaya mana daga ina na cikin wayar ya fito. Wani ne ya kwafa daga faifai ko kaset, wanda kuwa ba a kwafa ba, faifan nan shi ne kaɗai shaidarsa a duniya. Su leƙa maƙwabta. Waƙoƙin ƙungiyar Poly-Rythmo ta Kwatano, kamfanin Analog Africa na ƙasar Jamus ne ya bi gida gida yana neman faya-fayansu, ya sake buga su tun daga 2008, yau ana sayar da su da kuɗin waje. Baƙo ya hawo jirgi don abin da a nan ake miƙa wa yara su yi wasan jifa da shi.

Kada kuma a ce kayan sun ƙare. Gaskiya ne Shure ya daina ƙera su a 2018, amma Audio-Technica da Ortofon suna nan suna yi, har da allurar juyi 78.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyar ɗalibai ta sayi inji guda mai hannun da ake daidaita nauyinsa, da allura biyu, ta 78 da ta faifan roba, da ɗan ma'aunin giram. A lokacin hutu a tura 'yan ƙasar Bagudo su zaga Matsinkai da Illo da Lolo da Ka'oje, su aro faya-fayai da izinin masu su, a wanke, a kwafa cikin kwamfuta, a rubuta sunan mawaƙi da kamfani da lambar da ke kan takardar tsakiya, sannan a mayar wa kowa da kayansa tare da kwafi. Kafin nan, duk mai faifai ya cire kuɗin nan daga kan hannun injinsa.