Sharhi: Sabbin masu gonaki a kewayen Yamai da gaggawar sayen tarakta

Wanda ya tsaya a Gaweye, bakin gadar Kennedy a tsakiyar birnin Yamai, yana da otal ɗin Gaweye da zauren taro na Palais des Congrès a bayansa, inda aka sha zama ana jawabi kan zamanantar da noma. A gabansa kuma kogin Isa ne, wanda 'yan Najeriya suka fi sani da Kwara. Idan ya bi ruwan 'yan kilomitoci kaɗan zuwa ƙasa zai tarar da lambunan Gamkale da fadamun shinkafa na Kirkissoye da Saga, inda har yau yawancin aiki da hannu ake yi, ko da shanu, ko da ƙaramin injin huɗa mai taya biyu da mutum ke bi a baya yana riƙe da shi.

A 'yan shekarun nan an samu wani sabon rukuni na manoma a kewayen birnin. Ma'aikatan gwamnati ne da 'yan kasuwa da matasan da suka gama jami'a, sai kuma 'yan ƙasa mazauna Faransa da Beljiyam da Amurka da ƙasashen Larabawa, masu aiko kuɗi a saya musu hekta uku ko biyar ko goma a hanyar Kollo ko Say ko Dosso. Tsadar abinci da ta biyo bayan takunkumin da ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ta ƙara wa mutane wannan sha'awa, haka ma kiraye-kirayen hukumomin soja na ƙasar ta ciyar da kanta. Da zarar an biya kuɗin gona, tambayar da ke biyo baya a zaurukan WhatsApp kusan ɗaya ce: wace tarakta za a saya, kuma nawa take?

Tambayar ta yi sauri. Ga mai hekta biyar, tarakta ba kayan aikin gonarsa ba ce, wata sana'a ce daban da zai shiga, ko ya shirya mata ko bai shirya ba.

Lissafin ba shi da wuya. Tarakta mai ƙarfin doki 75, irin Massey Ferguson 375 da ake haɗawa a Pakistan wadda ta cika yankin nan, idan aka ɗaura mata garma mai faranti uku takan huɗe hekta guda cikin kamar awa uku. Haro kuma, wato farantan da ke farfasa hoge su daidaita ƙasa, awa ɗaya ko ɗaya da rabi ya ishe shi. Ke nan gonar hekta biyar ba za ta ci fiye da awa 25 ba a aikin shirya ƙasa. A ƙara da jigilar taki da kwaso amfani, da ƙyar a kai awa 50 a shekara. Injin kuwa an ƙera shi ne don ya yi dubban awoyi. Sauran watannin yana tsaye a rana, batir na mutuwa, tayoyi na tsagewa, ƙura na shiga inda bai kamata ba, darajarsa tana raguwa, miliyoyin sefa kuma sun kwanta. Man ma ba shi ne babban kuɗi ba: a farashin da gwamnati ta sa a Yulin 2024, lokacin da ta rage litar gazuwal daga sefa 668 zuwa 618, huɗar da ta sha lita 20 ba ta wuce jika 12 da 'yan kai ba. Abin da ke cin mai tarakta shi ne kuɗin da ya zuba a ƙarfe, da albashin direba, da kayan gyara.

Don haka duk mai ƙaramar gona da ya sayi tarakta, dole ya fita da ita haya ko ya yi asara. Haya kuwa tana buƙatar direba mai amana, da wanda zai bi shi ya auna gonakin mutane ya karɓi kuɗi, da sanin inda injin ya kwana. Mutumin da ke zaune a Lyon ko New York yana jiran rahoto ta waya daga ƙaninsa ya kamata ya tambayi kansa ko wannan sana'ar ya yi niyyar shiga. A Najeriya wannan matsala ce ta haifar da kamfanin Hello Tractor, wanda Jehiel Oliver ya kafa a 2014, inda ake maƙala wa tarakta na'urar da ke nuna wa mai ita inda take da awoyin da ta yi, manoma kuma su yi rajistar buƙatarsu ta hannun wakilai.

Ƙasar ce ke zaɓen garma

Kafin maganar ƙarfin doki, akwai tambayar da dillalan injuna ba su cika yi wa mai saye ba: wace irin ƙasa ya saya? A kewayen Yamai iri uku ne, kuma kowace da abin da take so.

Ta farko jigawa ce, rairayin da ake shuka gero da wake. Ita ce ta fi yawa, ita ce kuma ta fi arha, don haka ita sabbin masu saye suka fi samu. Wannan ƙasa ba ta buƙatar huɗa mai zurfi. Manomin gargajiya yana shuka bayan ruwan farko ba tare da ya juya ƙasa ba, sannan ya bi da hauya yana yanke ciyawa sama-sama, kuma ba lalaci ne ya sa shi haka ba. Idan aka sa garma mai faranti aka birkice rairayi aka bar shi tsirara, iskar da ke zuwa gaban hadari a watan Yuni takan kwashe ƙasar sama mai ɗan taki, ta binne ƙananan tsiro ko ta ƙone su da yashi. Shekarar farko amfani na iya yin kyau, saboda an tono abin da ƙasa ta ɓoye. Bayan shekara uku ko huɗu sai gona ta fara tambayar abin da aka ɗebe mata.

Akwai kuma maganar itatuwa. Babban abin da duniya ta san Nijar da shi a fannin noma cikin shekaru 40 da suka wuce ba inji ba ne, dabarar barin kututture ya sake toho ce, a yi masa sassabe a rene shi har ya zama bishiya. Daga yankin Maraɗi aka fara yaɗa ta a farkon shekarun 1980, ta bazu zuwa Damagaram da sauran wurare, har masu bincike suka ƙiyasta ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan biyar. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi, shi ne ginshiƙin wannan tsari. Direban tarakta da ake biya bisa hekta ba ya son kututture, domin yana karya masa faranti yana ɓata masa lokaci. Abin da zai fara ba sabon mai gona shawara shi ne a tumɓuke su duka. Mai gonar da bai tashi a karkara ba zai ga gona ta yi fes ya ji daɗi, bai san takinsa na shekaru ya cire ba.

Iri na biyu laka ce ta bakin kogi da fadamu, inda ake shinkafa da albasa da tumatir da kabeji. Nan inji yana da amfani ƙwarai, amma ba babba ba. A filayen da hukumar ONAHA ke kula da su filin mutum ɗaya galibi kwata ne zuwa rabin hekta, an kewaye shi da kunya da magudanar ruwa. Babbar tarakta ba ta da wurin juyawa, tana rusa kunya, tana kuma kafewa a taɓo. Ƙaramin injin nan mai taya biyu, da na'urarsa mai juyawa tana marmasa ƙasa, shi ne ya dace, kuma ana iya ɗaura masa 'yar amalanke ya kai kaya bakin hanya. A nan akwai abin lura ga masu saye daga nesa: filayen da gwamnati ta gyara ta raba wa ƙungiyoyin manoma ba mallakar mai nomawa ba ne da zai sayar yadda ya ga dama.

Na uku fako ne, ƙasar tudu da ta daskare ruwa ba ya shigarta. Ita kam tana son ƙarfi, amma na haƙori mai tsaga ƙasa, ba na faranti ba, sannan a bi da ramukan tassa ko rabin-wata masu tare ruwa. Akwai garma ta musamman mai suna Delfino da ke haƙa irin waɗannan ramuka, wadda hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi aiki da ita a Nijar da Burkina Faso, sai dai babbar tarakta take buƙata, kuma aiki ne na sau ɗaya. Abin da za a yi sau ɗaya haya ake ɗaukowa.

A dukkan ukun, abin da ke ninka kuɗin shiga na ƙaramar gona ruwa ne. Yamai na samun ruwan sama tsakanin milimita 500 zuwa 600 a shekara, cikin wata huɗu. Gonar da ke da rijiyar burtsatse da famfo mai aiki da hasken rana da shinge mai hana dabbobi shiga tana iya ba da amfani sau biyu ko uku a shekara. Wadda ke da tarakta babu ruwa sau ɗaya za ta bayar, idan damina ta yi kyau. Shi kansa shirin da gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta fi tallatawa a fannin noma na babban noman rani ne.

Hujjar masu saye

Masu cewa a saya suna da hujja mai ƙarfi, ita ce lokaci. Idan ruwan shuka ya sauka kowa a mako ɗaya yake neman tarakta, mai ita kuma gonarsa zai fara yi, sannan ta manyan mutane, sannan ya waiwayi mai hekta biyar. Jinkirin kwana goma a damina mai gajeren zango na iya raba manomi da rabin amfaninsa. Ga kuma ƙarancin 'yan ƙwadago, tunda matasan ƙauye da yawa sun tafi ci-rani ko wuraren haƙar zinariya irin su Djado da Koma Bangou. Wanda ya taɓa biyan kuɗin haya tun watan Mayu ya zauna jira har gero ya tsiro a gonar maƙwabci ba zai saurari lissafin awoyi ba.

Amma maganin wannan bai tsaya ga babbar tarakta ba. Shanun huɗa biyu da garmarsu da amalanke suna iya riƙe hekta biyar, suna ba da taki, kuma bayan 'yan shekaru a sayar da su da riba. Nijar ta daɗe da wuraren ƙera irin waɗannan kaya, kamar ACREMA a Tawa da UCOMA a Damagaram, maƙeran unguwa ma suna gyara su. Matashin birni na iya ganin wannan koma-baya ne, sai dai babu injin da ake sayarwa da tsada fiye da yadda aka saye shi. Wata hanyar ita ce maƙwabta huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su sayi tarakta ɗaya, da rubutacciyar yarjejeniya kan wanda za a fara yi wa aiki kowace shekara.

Gwamnatoci ma sun sha gwada raba taraktoci. A zamanin Mahamadou Issoufou, ƙarƙashin shirin 3N na 'yan Nijar su ciyar da 'yan Nijar, hukumar CAIMA ta shigo da taraktoci daga China don sayar wa manoma. Burkina Faso ta raba 400 a 2024, Shugaba Bola Tinubu kuma ya ƙaddamar da 2,000 daga Belarus a Yunin 2025. Ranar rabo takan yi armashi a talabijin. Abin da ke nuna nasara shi ne adadin da ke aiki bayan damina ta uku, kuma wannan ya dogara ne ga makanike da kayan gyara.

Nan ne 'yan ƙasa mazauna Turai suka fi faɗawa tarko. Tsohuwar tarakta a Faransa ko Italiya tana da arha idan aka lissafa da yuro, wanda ke daidai da sefa kusan 656. Amma waɗanda aka ƙera a shekarun baya-bayan nan cike suke da na'urorin kwamfuta, injinsu ba ya jure gurɓataccen mai, idan kuma suka tsaya sai an jona su da na'urar kamfani kafin a san ciwonsu. A Amurka ma, inda dillalai suke ko'ina, hukumar kula da cinikayya ta tarayya ta kai kamfanin John Deere kotu a Janairun 2025 kan hana manoma gyara injunansu da kansu. Tsohon samfuri mara kwamfuta, wanda makaniken Yamai ya taɓa kwancewa, wanda kuma ake samun kayansa a kasuwar Katako ko a aiko daga Ƙofar Ruwa a Kano, ya fi sabo mai kyalli amfani.

Hanyar shigo da kaya ita ma ta canza. Najeriya ta buɗe iyakarta a Maris ɗin 2024, amma Nijar ta bar gadar Gaya zuwa Malanville a rufe, aka karkata kayan da a da ke bi ta Kwatano zuwa tashar Lome, su ratso Burkina Faso cikin ayari da rakiyar sojoji. Ƙarfe ɗaya da ya karye a watan Yuli, idan sai an yi odarsa daga waje, yana iya isowa bayan an gama girbi. Ga kuma tsaro: sassan jihar Tillaberi suna ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2017, kuma tarakta ba abin da ake ɓoyewa a ɗaki ba ce. Gonar da ke nesa a hanyar Torodi ko bayan Say lissafinta daban yake da wadda ke Libore.

Wanda ya auna duk wannan ya ga zai iya sana'ar haya, abin da zai duba kaɗan ne. Ƙarfin doki 50 zuwa 75 ya isa. Ya tabbatar maƙalar baya mai hannu uku ta dace da kayan da zai ɗaura, sandar da ke juya kayan aiki, wadda makanikai ke kira PTO, tana juyi 540 a minti. A kayan ɗaurawa haro ya riga garma, tirela kuma ta riga su duka, domin ita kaɗai ke samun aiki da rani: yashi, bulo, taki, karan dawa, buhunan albasa. Kafin ko ɗaya daga ciki kuma akwai takardar gonar kanta. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi hukumomin filaye tun daga matakin ƙauye har zuwa gunduma, masu shaida ciniki su ba da takarda, kuma gonar gado da ɗa ɗaya ya sayar ba da sanin sauran magada ba takan kai mai saye kotu tun kafin ruwan shuka ya sauka.