Ba tafiyar koci ke rusa ƙungiya ba

A gidajen kallon ƙwallo na Samaru da Sabon Gari, har gobe in Manchester United ta sha kashi sai ka ji wani ya daki benci yana cewa tun da kocinsu Ferguson ya ajiye aiki a 2013 kofin Firimiya ya ƙaurace musu. Haka ne, amma ni ban yarda tafiyar koci ce kaɗai ke durƙusar da ƙungiya ba. Mu dubi Kano Pillars. Kadiri Ikhana ya ci mata gasar ƙasa a 2008 ya kama gabansa, amma a 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka. Baba Ganaru ya ɗauko kofi a 2012 da 2013, da ya tafi Okey Emordi ya ƙara na uku a jere a 2014. Sirrin shi ne ginshiƙai ba su motsa ba: Rabi'u Ali na raba ƙwallo a tsakiya, Gambo Mohammed na zura ta a raga, filin Sani Abacha cike maƙil. Faɗuwarta daga gasar zuwa rukuni na ƙasa a 2022 kuwa ta zo ne bayan rikicin magoya baya ya jawo zaftare maki da wasa nesa da gida. Don haka shugabannin ƙungiyoyi su daina fakewa da tafiyar koci. Su biya albashi kan kari, su riƙe 'yan wasansu, su reni matasa, su ba sabon koci lokaci.