Sharhi: Yaran duniya na kallon gajerun fina-finai, namu ba su san kwaɗin Moustapha Alassane ba

Kowane watan Yuli, wani ƙaramin gari da ke kudancin Italiya, Giffoni, kusa da birnin Salerno, yakan cika maƙil da yara daga ƙasashe da dama. Aikin alƙalanci ne ke kai su. Tun 1971 ake yin wannan buki, wanda Claudio Gubitosi ya kafa yana ɗan shekara 18. Ana raba yaran rukuni-rukuni bisa shekarunsu, har da ƴan shekara uku, su kalli fim, su yi wa wanda ya shirya shi tambayoyi, sannan su kaɗa ƙuri'a. A birnin Berlin na Jamus ma, babban bukin fina-finai na da sashen yara tun 1978, wanda yanzu ake kira Generation, kuma yara ne da kansu ke zaɓen gajeren fim ɗin da zai ci lambar Crystal Bear. Garin Zlín na ƙasar Cek ya riga su duka, tun 1961 yake nasa.

Abin da ya fi jan hankalinmu a waɗannan bukukuwa shi ne gajerun fina-finai, masu minti biyar, goma ko ashirin, waɗanda ake jera shida ko bakwai daga ƙasashe daban-daban a nuna su a zama guda. Da yawansu babu magana a ciki, ko kuma kaɗan ce. Ɗauki fim ɗin farko na Abbas Kiarostami, wanda ya yi a 1970 a wata cibiyar yara da matasa ta ƙasar Iran. An aiki yaro sayen burodi, a hanyar komawa gida ya tarar da kare ya tare lungu yana haushi. Ya tsaya jiran babba ya zo wucewa. Wani tsoho ya zo, yaron ya bi bayansa, sai tsohon ya karkata wata hanya ya bar shi. Da ya rasa dabara, ya gutsuri burodin ya jefa wa karen, shi kuwa ya biyo shi yana kaɗa wutsiya har ƙofar gida. Aka rufe ƙofa, kare ya kwanta a bakinta, sai ga wani yaron ya shigo lungun. Minti goma ke nan ko kusa da haka, babu wanda ya ce uffan. Yaron Dakwaro ko na Mirya da aka taɓa aika da dare zai gane wannan fim ba tare da tafinta ba, wataƙila ma ya fi mu manya gane shi.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage, kuma dalilin wannan sharhi ke nan. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, yana cikin mutanen farko da suka yi fim ɗin zane mai motsi a Afirka kudu da Sahara. Ya yi La Mort de Gandji a 1965, ya yi Bon voyage Sim a 1966, minti biyar kacal, inda shugaban ƙasar kwaɗi ke tafiya ziyarar aiki da duk bushe-bushe da faretin da muka saba gani a filin jirgi. Daga baya ya yi Kokoa, kokowar gargajiya ce tsaf amma ƴan kokowar dabbobi ne na ƴan tsana, da kwaɗo da hawainiya. A Tawa ya yi shekarunsa na ƙarshe, nan ne wurin aikinsa. A 2017 gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke birnin New York ya ware kwanaki yana nuna fina-finansa. Mu kuma, bayan canjin mulki na 2023, mun sa sunansa a cibiyar al'adu ta Yamai da a da ake kira CCFN Jean Rouch. Ya cancanta, babu ja. Amma a shiga kowace firamare a Tawa a tambayi ƴan aji shida wa ya taɓa ganin Sim, a ƙirga hannuwan da za a ɗaga.

Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Kallo kuwa suna yi, kullum ma. Suna leƙa salular yaya ko ta uwa, suna zama gaban talabijin tare da manya, suna bin fina-finan Indiya na fassara da masu dogon zango na Kano da abin da TikTok ya jefo. Duka an yi su ne don manya, da rigimar kishiya da soyayya da ramuwar gayya. Yaro ɗan shekara bakwai yana cin abin da ya rage a kwano ne.

Mun san abin da iyaye da malamai za su ce, kuma suna da hujja. Akwai fina-finan da ake nuna wa matasa a Berlin da ba za mu yarda a nuna a Maraɗi ba, mu ma a wannan jarida ba za mu goyi bayan hakan ba. To amma buki zaɓe ne. A kowane ɗaya daga cikin bukukuwan da muka ambata, akwai mutanen da ke zama wata da watanni suna tace fina-finai kafin yaro ya gani, su kuma rubuta shekarun da suka dace da kowane. Salular da ke hannun ɗanka ita ce ba ta da mai tacewa. Kwamitin da ya haɗa malaman makaranta, iyaye mata, malamin addini da masu sana'ar fim zai iya wannan aiki. Tsoronmu ɗaya, kada a mayar da abin taron faɗakarwa. Yaranmu sun ga isassun fina-finan wanke hannu da na gidan sauro, kuma suna jin ƙanshin wa'azi tun daga nesa. Idan an tara su, a ba su labari mai daɗi da ban dariya da ɗan tsoro, irin wanda kaka ke bayarwa a tatsuniya.

Wasu za su ce ƙasar da ke fama da matsalar tsaro da tsadar hatsi ba ta da lokacin sinima. Ba jan kafet muke nema ba. Na'urar haska fim guda, farin ƙyalle, lasifika da batirin sola sun isa, kuma ƙungiyar Cinéma Numérique Ambulant ta daɗe tana kai irin wannan majigi ƙauyukan Nijar. Inda kuɗi za su shiga shi ne neman izinin masu fina-finan, domin haƙƙinsu ne, da juya ƴan maganganun da ke ciki zuwa Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek da Barbarci. Maƙwabtanmu na Burkina Faso sun riga sun buɗe ƙofa: FESPACO, wanda ake yi a Wagadugu tun 1969, ya ƙara sashen yara mai suna Sukabe a 2021. Jerin fina-finan Afirka na yara yana can, tambaya kawai za a yi.

Sai dai idan za a yi, a ɗauko har da ɓangaren da ya fi wuya ga al'adarmu, wato barin yaro ya yanke hukunci. A ba kowane yaro tsakuwa ɗaya ya jefa a ƙwaryar fim ɗin da ya fi so, a tambaye shi dalili, babba ya yi shiru ya saurara ko da bai yarda ba.

Muna kira ga ma'aikatar da ke kula da al'adu da hukumomin biranen Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa su gwada kwana uku kawai a hutun makaranta mai zuwa, a gidajen matasa da muke da su. Tawa ce ya kamata ta fara. Tana da filin kokowa, kuma a nemi izinin iyalan marigayin a haska Kokoa a cikinsa bayan sallar isha'i, kyauta ga duk yaron da ya zo.