Kasala Ba Duka Ce Zazzaɓi Ba

Wanda duk ya bi Titin Zariya da hantsi ta Gyaɗi-Gyaɗi, daura da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, zai ga jama'a riƙe da takardun gwajin jini, kuma in ya tambaya, kukan da yawansu ɗaya ne, wato kasala. A ganina mun cika saurin ɗora wa zazzaɓin cizon sauro da taifot laifin kowace mutuwar jiki, alhali kuwa akwai wani ɓarawon ƙarfi wanda ba a cika neman sa ba.

Masana sun nuna cewa a cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai wasu 'yan mitsi-mitsin sassa da ake kira maitakwandiriya. Ni dai murhu nake ce musu, domin kuwa a nan ne ake ƙona abincin da muka ci da iskar da muka shaƙa, a fitar da ƙarfin da jiki ke aiki da shi. A nan kuma ake ƙarasa haɗa sinadarin da ke ba jini launinsa ja, ta hanyar saka masa ƙarfe. Dalma in ta shiga jiki sai ta tare wannan aiki, murhu ya yi sanyi, jini ya ragu. Mai gwaji zai ga ƙarancin jini ya rubuta, gaskiya kuma ya faɗa, amma sanadin ba zai fito ba sai an auna dalmar kanta, wanda gwaji ne dabam.

Kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne. A shekarar 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara kimanin 400 suka rasu saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, har sai da likitocin ƙungiyar MSF suka lura, gwajin jini ya tona asirin dalma. A 2015 abin ya sake aukuwa a Shikira ta Jihar Neja. Mu a Tarauni ba mu haƙar zinariya, amma muna da masu fasa tsohon batir su narka cikinsa, muna kuma da kwalli na dutse wanda iyayenmu mata ke ranɓaɗa wa jarirai, shi kuwa sau da yawa dalma ce jikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani gwargwadon dalma a jini da aka san ba ya cutarwa.

To, ina ruwan ɗalibin Hausa? Ruwansa da tsaki. Uwar da aka yi wa bayani da Ingilishi a bakin taga ba za ta san ta tambayi likita ko a auna dalma ba. Malamanmu sun sha wahalar samar da kalmomin nahawu da adabi. Ina roƙon su zauna da likitocin asibitin nan su yi wa sassan jiki da gwaje-gwaje irin wannan hidima. In kalmata ta murhu ba ta yi ba, a kawo wadda ta fi ta.