ƘUGIYAR JAN KAYA A BAYAN MOTA

Duk lokacin da albasar Aliero ta isa cira, hanyar Jega zuwa Maiyama takan cika da ƙananan motoci masu jan amalanke a baya. Wannan dabara ce mai kyau, domin tana rage wa manomi kuɗin dako. Amma abin da ke damunmu shi ne yadda ake ɗaura ƙugiyar.

Wasu sukan kai mota wurin mai walda ya liƙa ƙarfe a jikin bamba. To, bamba ba ta da ƙarfin jan kaya. Ƙugiyar kirki ita ce wadda aka ɗaure da kusoshi masu noti a jikin shasi, inda ƙashin mota yake. A bakinta akwai rami mai kusurwa huɗu, galibi inci 2, inda ake zura sandar ja ko mazaunin kaya, a soke da fil.

Lalle ne direba ya san nauyin da aka yanka wa motarsa. Abin da zai danne ƙugiya ya zama kamar kashi 10 cikin 100 na nauyin amalanke da kayanta. In buhuna suka rinjaya baya, amalanke sai ta kama lilo. A sa sarƙa biyu na tsaro, a haɗa fitilun birki.

Jama'a, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Masu ɗori na Aliero sun shahara, amma kada mu ƙara musu aiki da ganganci. Allah ya kiyaye hanya.