Gashin bakin kusu ba ado ba ne

Duk mai rumbun hatsi a ƙasar Damagaram, daga Mirriya har Magariya, ya san ɓarnar kusu. Amma kaɗan ne suka lura da abin da ke yi masa jagora cikin duhu. Ganinsa rarrauna ne, da gashin baki yake lalube.

Dogayen kusan 30 ne a kowane gefen hanci, jere cikin layi 5. Shi kansa gashin ba ya ji. A gindinsa ne jijiyoyi fiye da 100 suke, cikin wata ƴar jaka mai jini, kuma da zarar ya lanƙwashe sai su kai labari ga ƙwaƙwalwa. Kusu na kaɗa shi gaba da baya wajen sau 8 a daƙiƙa guda, tamkar makaho da sandarsa. A 1970 wasu masana biyu a Amurka, Woolsey da Van der Loos, suka gano kowane gashi na da nasa mazauni a ƙwaƙwalwa.

Shi ya sa kusu ke bin gindin bango, gashi na shafar gini, ba ya son ratsa fili. Mai ɗana tarko a tsakar ɗaki asarar ƙuli-ƙulinsa kawai yake yi. A kafa tarko jikin bango, daidai inda kashin kusu ya fi yawa.